Ƙiba, zuciya da shanyewar ɓarin jiki: me binciken likitoci ke faɗa wa mutanen zangon Kumasi?

A watan Janairun 2025 wani kwamiti na masana 58 daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Francesco Rubino na King's College da ke Landan, ya fitar da rahoto a ɗaya daga cikin mujallun likitoci na gidan Lancet, yana cewa hanyar da aka daɗe ana bi wajen yanke wa mutum hukuncin ƙiba ba ta wadatar ba. Irin wannan labari yakan canja kama kafin ya iso wayoyin mutane a unguwannin Kumasi ta ƙasar Gana, irin su Aboabo ko Asawase ko Sawaba. Wani zai ji shi a matsayin likitoci sun janye maganarsu, ƙiba ba ciwo ba ce. Wani zai haɗa shi da labarin allurar rage ƙiba da aka ce tana kare zuciya, ya ɗauka an samo magani an huta. Ga kuma tsohuwar magana da ke yawo cewa masu jiki sun ma fi siririn mutum tsawon kwana.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ya yi daidai da abin da ke rubuce. Rahoton bai wanke ƙiba ba, dogaro da sikeli shi kaɗai ya soka. Idan kuma aka jera shi da binciken da aka yi a nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye da cikin unguwanni, abin da ke fitowa fili shi ne inda kitse ya taru ya fi yawan kilo muhimmanci, kuma babbar hanyar da ƙiba ke bi ta kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ita ce hawan jini.

Me ake aunawa tun farko?

Lissafin da likitoci ke kira BMI ba shi da wuya. A ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Mace mai kilo 80 da tsawon mita 1.60 za ta samu 31 da ɗoriya. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce. Da wannan ma'auni hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Wanda ya ƙirƙiro lissafin, Adolphe Quetelet, ba likita ba ne. Masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, wanda a shekarun 1830 yake neman siffar matsakaicin Bature. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Amfaninsa arha: sikeli da bango sun isa. Aibinsa kuwa bai san tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen yake ba. Ɗan dako a kasuwar Kejetia mai murɗaɗɗen jiki yana iya kai 28 ba tare da teɓa ba. Direban babbar mota mai tsawon mita 1.75 da kilo 72, siraran hannuwa da ƙafafu amma ya ajiye tumbi, zai samu 23.5, takarda ta ce lafiyarsa lau.

A nan ne aka raba kitse gida biyu. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ke taruwa a cinya da ɗuwawu da damtse. Akwai na cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji da hanta, shi ne ke turo tumbi gaba ya yi tauri. Na biyun ne ya fi ɓarna. Babban binciken INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52 ya nuna a 2005 cewa auna ciki a kwatanta shi da faɗin ƙugu ya fi BMI nuna wanda bugun zuciya zai iya kamawa, a kowane yanki na duniya da aka duba.

Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, wato kusan inci 37 da inci 31 da rabi a awon tela. Haɗarin yana ƙara hawa daga 102 ga namiji da 88 ga mace. Sai dai daga jikin Turawa aka ciro waɗannan lambobi, aka ce 'yan Afirka su ara kafin a samu nasu. Da aka tattara bayanan dubban mutane daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara aka buga a 2018, iyakar da ta fi dacewa da maza ta faɗo kusan santimita 81. In haka ne, akwai magidanta da yawa da ke ganin maganar ƙiba ta mata ce alhali su ma suna cikin layi.

Abin da sabon rahoton ya canja

Abu biyu kwamitin Rubino ya kawo. Na farko, kada a ce mutum yana da ƙiba sai an ƙara wani awo a kan BMI, kamar awon ciki, ko an auna kitsen kai tsaye da na'ura. Wanda BMI ɗinsa ya haura 40 ne kawai ba sai an ƙara komai ba. Na biyu, a raba masu ƙiba kashi biyu: waɗanda kitsen ya riga ya taɓa wata gaɓa tasu, kamar zuciya, hanta, ƙoda, numfashi ko gwiwa, ko ya hana su hidimar yau da kullum, waɗannan ƙibarsu ciwo ce da ke neman magani yanzu, da waɗanda gaɓoɓinsu ke aiki daidai tukuna, waɗannan suna cikin haɗari amma ba marasa lafiya ba ne.

Masu goyon baya sun ce wannan zai hana a ɗora wa lafiyayye magani mai tsada, ya kuma kamo irin direban nan da sikeli ke bari ya wuce. Masu suka sun ce kiran wani rukuni da waɗanda ciwo bai kama ba tukuna zai sa mutane da kamfanonin inshora su yi jira har sai ɓarna ta auku, kuma tantance rukunin mutum yana buƙatar gwaje-gwajen da ƙaramin asibiti ba shi da su. Suka ta biyu tana da nauyi a wuri irin namu. Abin lura dai, sabon tsarin ba ya rage yawan masu ƙiba. Da aka gwada shi a kan mutum kimanin 300,000 a Amurka, adadin ya tashi daga kusan kashi 43 cikin 100 zuwa kusan 69, saboda masu tumbi da BMI ke ɓoyewa.

Ta ina kitse ke kaiwa ga zuciya da ƙwaƙwalwa?

Kitsen ciki ba ajiya ba ne kawai da ke zaune shiru. Yana sakin maiƙo da sinadaran kumburi cikin jinin da ke wucewa kai tsaye zuwa hanta. Daga nan jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, suga ya hau, maiƙon jini ya rikice. A gefe guda ƙoda ta riƙa riƙe gishiri da ruwa, yawan jini ya ƙaru, jijiyoyi su matse, matsin jini ya tashi. Zuciya da ke tura jini cikin wannan matsi shekara da shekaru sai bangonta ya yi kauri ya sandare, ƙarshe ta gaza: ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yankewa in an kwanta. Ƙiba tana kuma jawo rikicewar bugawar zuciya, wadda ke sa jini ya yi gudaji ya tafi ƙwaƙwalwa. Akwai ma wata hanya da iyali ke gani kullum ba su ɗauke ta a bakin komai ba: minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, mutum ya farka firgigit, da rana ya yi ta gyangyaɗi. Wannan ma yana ɗaga jini.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe jini ya malala, kamar tsohon tiyo da ruwa ya fi ƙarfinsa. Bugun zuciya kuwa toshewar jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ne.

Wani nazari da Lancet ta buga a 2014, wanda ya haɗa bincike 97 da mutum miliyan 1.8, ya sa wa wannan bayani lamba. Duk ƙarin maki 5 a BMI yana ƙara haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 27 cikin 100, na shanyewar jiki da kashi 18. Da aka tambayi ta ina ƙarin ke biyowa, sai aka ga hawan jini da suga da kolestarol su ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin haɗarin shanyewar jiki, da kusan rabin na zuciya. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na na shanyewar jiki. Ma'ana, mai ƙiba da ya shawo kan jininsa ya toshe babbar ƙofa ko da kilo ɗaya bai sauka ba. Amma ta fuskar zuciya rabin haɗarin yana nan, don haka magani bai gama aikin ba.

Abin da aka gano a gida

Yawancin abin da ya gabata a jikin wasu aka auna shi. Bincike biyu ne suka auna namu.

Na farko shi ne RODAM, wanda Farfesa Charles Agyemang na jami'ar Amsterdam ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2016. An auna 'yan Gana sama da 5,600 a ƙauyukan jihar Ashanti, da biranen Kumasi da Obuasi, da kuma Amsterdam da Berlin da Landan, duka da ma'auni iri ɗaya. A ƙauye, maza masu ƙiba ba su kai 2 cikin 100 ba, mata kuwa kimanin 8. A birni maza sun kai kusan 7, mata kusan 34. A Landan maza 21, mata 54. Ciwon suga ma ya bi sahu: a birnin Gana ya kama kusan mutum ɗaya cikin goma, daf da abin da aka gani a Turai. Mutane ne masu asali ɗaya, don haka ba za a ɗora wa gado wannan tazara ba. Wurin zama ne ya bambanta, da abinci, da yawan motsi. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ita ma ta nuna hawan: a 2014 mata 40 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, a 2022 an kai rabi.

Duk wanda ya san safiyar zango ba zai yi mamaki ba. Koko da suga cokali uku da ƙosai ko funkaso, da hantsi wake da shinkafa da aka ɗora wa taliya da garin rogo da soyayyen kifi da shito mai iyo cikin mai, da yamma lemon kwalba ko burkina mai sanyi. Babu haramtacce a ciki, kuma wake abinci ne mai kyau. Abin da ya canja shi ne yawa, da abin da ake ɗorawa a kai, da kuma cewa mai cin ba gona za ta tafi ba. Firagiya, wato keke mai ƙafa uku, za ta hau daga bakin layi zuwa shago, ta zauna kan benci har la'asar.

Tazarar da ke tsakanin mata da maza tana da nata dalilai: haihuwa a jere ba tare da nauyin ya koma ba, zaman shago ko gida, da kuma idon jama'a. Amaryar da ta yi ɓul-ɓul an ce aure ya karɓe ta. Wadda ta rame sai a fara tambaya ko lafiya, ko maigidan ba ya kula da ita. Matar da likita ya ce ta rage jiki tana komawa gidan da za a yi mata jaje in ta rage. Shi kansa kwamitin Rubino ya ja kunne a kan tsangwamar masu ƙiba, domin wanda ake yi wa gori a asibiti yakan daina zuwa, jininsa ya ci gaba da hawa ba mai aunawa.

Bincike na biyu, SIREN, shi ya fi kusa da tambayarmu. An yi shi a asibitoci 15 na Gana da Najeriya, ciki har da Komfo Anokye da Korle Bu da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ke nan Hausawa na cikin waɗanda aka auna. Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagororinsa, a Kumasi kuma Farfesa Fred Stephen Sarfo. An ɗauki mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, kowanne aka haɗa shi da lafiyayye sa'ansa, aka kwatanta rayuwarsu. Sakamakon ya fito a 2018.

Abu uku ne suka fi jan hankali. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cutar fashewar jijiya ce, alhali a Turai da Amurka toshewa ce ke da kusan kashi 85 cikin 100. Kusan ɗaya cikin huɗu na majinyatan ba su kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan fiye da rabi fashewa ce. Sannan hawan jini ya yi wa sauran dalilai fintinkau: an danganta masa kusan kashi 91 cikin 100 na cutar, yayin da a binciken INTERSTROKE na ƙasashe 32 rabonsa bai kai rabi ba. Bayansa sai rikicewar maiƙon jini, yawan cin nama, girman ciki da kusan kashi 26, ciwon suga, ƙarancin cin ganye, damuwa, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, ciwon zuciya, rashin motsi da taba. Alƙaluman ba sa haɗuwa su ba da 100, saboda mutum ɗaya yakan ɗauki dalili uku ko huɗu.

Wannan irin bincike yana da rauninsa. An tambayi mutane abin da suke ci bayan ciwo ya riga ya kwantar da su, wani lokaci ɗan'uwa ne ke amsawa, kuma jini yakan hau bayan shanyewar jiki ko da a da bai kai haka ba. Saboda haka kashi 91 na iya zama ya ɗan zarce gaskiya. Amma ko an rage masa, tazarar da ke tsakaninsa da na biyu ta fi ƙarfin kuskuren awo. Nauyin abin kuwa a bayyane yake a Komfo Anokye: nazarin takardun majinyata daga 1983 zuwa 2013 ya nuna kimanin huɗu cikin goma na waɗanda aka kwantar da wannan ciwo ba su kai wata guda ba.

Inda masana suka saɓa

Maganar cewa masu jiki sun fi daɗewa ba ƙirƙira ba ce. A 2013 Katherine Flegal ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara bincike 97 ta ga masu BMI 25 zuwa 30 mutuwarsu ta yi ƙasa da ta masu matsakaicin nauyi da kashi 6 cikin 100. An kuma sha ganin cewa a cikin masu gazawar zuciya, masu ɗan jiki sun fi jurewa. Masu suka suka amsa da cewa an cakuɗa lissafi: taba tana ramar da mutum tana kuma kashe shi, haka ciwon daji da sauran cututtukan da ke cin jiki tun kafin a gano su, sai su sa rukunin sirara ya yi kama da mai haɗari. A 2016 wani gungun masana ya haɗa bincike 239, ya ware waɗanda ba su taɓa shan taba ba kuma ba su da tsohon ciwo, ya zubar da shekaru biyar na farko. Sai fifikon ya ɓace: mutuwa ta fi ƙaranci tsakanin 20 da 25, tana hawa daga nan. Hujja ta fi rinjaya ga ɓangare na biyu. Abin da ya rage wa na farko shi ne tsoho da majinyaci, waɗanda ramewa ba dalili alama ce ta haɗari a gare su, ba abin murna ba.

Sai batun mai ƙiba lafiyayye, wanda jininsa da suga da kolestarol duk daidai suke. Akwai irinsu. Masana a jami'ar Birmingham sun bi bayanan mutum miliyan 3.5 a Birtaniya, suka buga a 2017 cewa ko waɗannan ɗin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciyarsu ya ɗara na masu matsakaicin nauyi da kashi 49, na gazawar zuciya ya kusa ninkawa, na jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa kashi 7 kacal. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a baya: in jini bai hau ba, ƙwaƙwalwa tana da sauƙi, amma zuciya tana ɗauke da kayan.

Tambaya mafi wuya ita ce ko rage nauyi yana hana bugun zuciya. A gwajin Look AHEAD na Amurka an raba masu ciwon suga 5,145 gida biyu, aka sa rabi a tsarin abinci da motsa jiki mai tsanani. Bayan kusan shekara goma aka dakatar, domin bugun zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba, duk da cewa suga da ƙarfin jiki da barci sun gyaru. Wasu sun ce nauyin da aka rage bai kai ya yi tasiri ba, tazarar rukunan biyu ta tsuke da tafiyar shekaru, kuma duka biyun suna shan magungunan jini da na kolestarol. Binciken da aka daɗe ana yi a Suwidin a kan waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki, waɗanda suka sauke nauyi mai yawa ya kuma zauna, ya nuna raguwar waɗannan cututtuka.

Allurar da ake magana

Gwajin SELECT da aka buga a 2023 ya ɗauki mutum 17,604 a ƙasashe 41. Rabi an ba su semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy da Ozempic, sau ɗaya a mako, rabi kuma allurar da ba magani a ciki. Cikin shekara uku da 'yan watanni, bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa ta dalilinsu sun sami kashi 6.5 cikin 100 na masu magani, da kashi 8 na sauran. Wannan ne ragin kashi 20 da ake yaɗawa, kuma sakamako ne na gaske. A lissafin kai-da-kai, sai an yi wa mutum kusan 67 allura tsawon wannan lokaci kafin a kare ɗaya.

Sai dai a san su wane ne aka gwada. Duka sun kai shekara 45, duka sun riga sun kamu da ciwon zuciya ko na jijiya, babu mai ciwon suga, mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, baƙar fata kuwa kimanin 4 cikin 100 ne. Da aka ware shanyewar jiki ita kaɗai, ragin bai kai a tabbatar da shi ba. Kamfanin Novo Nordisk mai maganin shi ya biya kuɗin gwajin. Wani bincike ya nuna waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke cikin shekara guda, ke nan magani ne na dogon zango, mai tsada. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da aka kama a Birtaniya da Amurka da Burazil. Wanda aka tallata masa shi a WhatsApp ba tare da takardar likita ba yana da dalilin tsoro.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi kusa da gidajenmu: ƙwayoyin ƙara jiki da 'yan mata da amare ke sha, irin waɗanda a Kano ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dexamethasone ne. Yana tara kitse a fuska da ciki, ya riƙe ruwa, ya ɗaga jini da suga, wato duk hanyoyin da aka lissafa a sama a lokaci guda. Wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke rana ɗaya ba, domin yankewar ma tana da haɗari. Likita ne zai sauke ta a hankali.

Abin da ya shafi gida da aljihu

Awo mafi sauƙi ba ya buƙatar sikeli. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta ba da shawara a 2022 cewa zagayen cikin mutum kada ya kai rabin tsawonsa. A samu igiya, a taka bakinta da diddige, a ja ta zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, bayan an saki numfashi, ba a kan zani ko babbar riga ba. In bakin biyu ba su haɗu ba, lokacin auna jini da suga ya yi. Direban nan mai mita 1.75, in cikinsa ya kai 98, ya wuce iyakarsa ta 87 da rabi nesa ba kusa ba. Wannan awo ba na mai juna biyu ba ne.

Hawan jini yana farawa daga 140 bisa 90 in an auna a ranaku daban-daban, kuma yawanci ba ya ciwo. Mutane da yawa suna jiran ciwon kai ko jiri kafin su sha magani, su ajiye in sun ji sauƙi. Nazarin gwaje-gwaje 123 da aka buga a 2016 ya nuna sauke lambar sama da maki 10 yana rage shanyewar jiki da kashi 27 cikin 100, gazawar zuciya da 28. A gwajin SELECT allurar rage ƙiba ba ta nuna irin wannan a kan shanyewar jiki ba. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, tana ɗaukar jinyar hawan jini da suga, kuma maganin hawan jini amlodipine yana cikin jerin magungunanta. A gwajin CREOLE da aka yi a ƙasashen Afirka shida aka buga a 2019, haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Inda matsala take shi ne katin da ya mutu ba a sabunta ba, layin da ke cinye ranar ciniki, da ranar da za a ce maganin ya ƙare a je a saya.

Gishiri shi ne abu na gaba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ba a gani: dunƙulen magi, kifin gishiri irin koobi da momoni, burodi, ƙullin indomi, yajin tsire. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, maye gurbin gishiri da wanda aka gauraya da potassium ya rage shanyewar jiki da kashi 14, ko da yake bai dace da mai ciwon ƙoda ba. Ganyen da SIREN ya nuna ƙarancinsa yana da haɗari kuwa ba baƙo ba ne: ayoyo, kontomire, alayyahu, zogale, duk suna kan tire a kasuwar Asawase.

A ɓangaren gwamnati, a 2023 an sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemukan zaƙi na kamfani. Masu goyon baya suna kafa hujja da Meziko, inda sayen irin waɗannan ya ragu bayan harajin 2014. Masana'antu sun ce yana ƙara tsada ga talaka yana kuma taɓa ayyukan yi. Ko wanne ya fi gaskiya, harajin bai isa ga sugan da ake zubawa a koko da shayi da sobolo da lamurji ba, kuma a zango wannan ba ƙaramin kaso ba ne.

In kuwa abin ya riga ya faru, alamunsa uku ne da kowa zai iya gani: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Sau da yawa akan ce iska ce ko jifa, a kwana ana tofi da shafe-shafe. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Maganin narkar da gudajin jini, inda ake da shi, yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna toshewa ce ba fashewa ba. Saboda haka ba a ba majinyaci asfirin a gida, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin, kuma a nan ɗaya cikin uku fashewar ce. Ba a kuma ɗura masa ruwa ko rubutu ko koko, saboda haɗiya takan lalace abin ya wuce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a lura da lokacin da abin ya fara don a faɗa wa likita, a kira 112 ko a nemi mota zuwa Komfo Anokye kai tsaye.